Taubashi, ga amsar maganar filin ƙwallo

Taubashi, saƙonka ya iso, kuma na ga tambaya uku ka cusa cikin guda kamar yadda ka saba. Me ya kai dattijo kamata filin da ake shan giya, me ya sa jikokina suke yawo da hana-salla, sannan can ƙasa, inda ka ɗauka ba zan lura ba, wai ko surukin nan nawa Ba'amurke ne ya juya mana gida. Da wani ne da na share shi. Amma kai ɗan mace ne, dole ubangida ya yi haƙuri da bawansa. Kuma tun da ba kai kaɗai ke wannan tambayar ba, bari in amsa a inda kowa zai gani.

Filin ƙungiyar besbol ta Yankees da ka gan mu a ciki ba tattaki muka yi zuwa gare shi ba, a unguwarmu yake. Yana Bronx, kan titi na 161, jirgin ƙasa mai lamba 4 yana wucewa ta gefensa a sama. Daga nan zuwa gidajen da Hausawa suka fi yawa a Niyok tafiyar ƙafa ce. Lokacin da nake tuƙa tasi, jadawalin wasansu na fi sani fiye da sunayen 'yan wasan, domin ranar da suke gida hanya ba ta biyuwa. An buɗe filin farko a 1923, aka buɗe sabon a 2009 a tsallaken titi, aka rushe tsohon aka mai da wurin filin wasan yara. A wancan tsohon ne Joe Louis ya kayar da Bajamushe Max Schmeling tun a turmin farko a 1938. A nan Muhammad Ali ya dambata da Ken Norton a 1976. A nan kuma Mandela ya tsaya a 1990, 'yan watanni bayan fitowarsa daga kurkuku, aka sa masa hular ƙungiyar da rigarta. To hular da ta hau kan Mandela ce kake yi wa jikokina gori a kanta. Kuma ka leƙa Sabon Gari ka ƙirga samarin da ke sanye da ita, mai harafin N da Y a haɗe, ba tare da sun san ta 'yan besbol ba ce. Namu aƙalla sun san ƙungiyar ta ci kofi sau 27.

Wasan kansa bai taɓa shiga raina ba. Mutum ya jefa, mutum ya kai duka da gora ya kuskure, a tsaya, a sake. Sai a kusa awa uku ana abu ɗaya. Abin da ya sa nake zuwa shi ne mutanen da ke zaune. Za ka ga tsoho da jikansa, da fensir da takarda, yana koya masa yadda ake rubuta duk abin da ya faru a wasan, kamar yadda shi ma nasa kakan ya koya masa. Ku a gida kun yanke hukunci cewa Ba'amurke ba shi da asali, bai san kakansa ba, bai damu da na baya ba. Ni da na zauna da su na ga suna da inda suke ajiye wannan abin, kuma ɗaya daga cikin wuraren shi ne filin wasa.

Mutanen nan ba sa jin komai su rushe ginin da bai fi shekara 30 ba su yi wani. Amma je ka Boston ka ce a taɓa filin besbol na Fenway, wanda aka buɗe tun 1912, ka ga tashin hankali. Kujerunsa matsattsu, wasu ma ginshiƙi ya tare musu gani, ga wata koriyar katanga mai tsayin ƙafa 37 a gefe guda, kuma har yau da hannu ake sauya lambobin allon da ke jikinta. A Shikago akwai Wrigley na 1914, wanda bai sami fitilun wasan dare ba sai 1988. Ƙungiyar da ke wasa a can, Cubs, ta ci kofi a 1908, ba ta ƙara ci ba sai 2016. Shekara 108. An haifi mutane sun tsufa sun mutu suna jira. Da aka ci, sai jama'a suka ɗauki alli suka cika bangon filin da sunayen iyayensu da kakanninsu da ba su ga ranar ba. Kai da Arsenal ta yi 'yan shekaru ba kofi ka ishi mutane da ƙorafi.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Lambeau, a wani gari da ake kira Green Bay a jihar Wisconsin, inda ake buga zari-rugarsu ta Amurkawa. Mutanen garin ba su wuce 110,000 ba, filin kuma yana cin sama da 81,000. Ƙungiyar ba ta wani attajiri ba ce, magoya bayanta ne suka sayi hannun jari, kuma jarin ba ya kawo ko sisi na riba. Masu jiran tikitin shekara sun haura 100,000, har ana sa sunan jariri a layi tun yana cikin zanen goyo, da fatan kafin ya yi furfura ya samu. Kujera a can gado ce, kamar rumfa a Kantin Kwari: uba ya bar wa ɗa, kuma 'yan'uwa kan ɓata a kanta. A ranar ƙarshe ta 1967 sun zauna sun kalli wasa a sanyin da ya kai digiri 25 ƙasa da sifili, har yau da shi suke tinƙaho. Wannan kam sai dai su, ni sanyin Niyok ma ya ishe ni.

Yanzu maganar suruki, wadda na san ita ce ainihin abin da ke cinka.

Yaron nan baƙar fata ne ɗan Detroit, kuma a Musulunci aka haife shi. Kakansa yana cikin waɗanda suka bi Imam Warith Deen Mohammed zuwa tafarkin Sunna bayan 1975. Da ya zo neman aure ba mu miƙa masa yarinya a bakin titi ba. An yi bincike, an tura mutane masallacinsu, manyansa sun zo, an yanka sadaki, waliyyi ya bayar, shaidu sun shaida. Har lefe sai da aka yi, ko da yake uwarsa ta daɗe tana tambayar me mutum ɗaya zai yi da akwatuna haka. Surutu kuwa an yi, kuma ba daga gida kaɗai ba, har a nan cikinmu. Wasu da 'ya'yansu mata suka haura talatin a ɗaka suna jiran Bahaushen da zai zo daga sama su ne suka fi kowa magana. Ni na duba sallarsa da sana'arsa da yadda yake yi wa uwarsa magana.

Bayan biki danginsa suka ce su ma za su karɓe mu irin tasu karɓar, sai suka kai mu Ann Arbor, filin Jami'ar Mishigan. Taubashi, filin makaranta ne fa, ɗalibai ne ke wasa, amma yana cin mutum 107,601, babu wanda ya kai shi girma a duk Amurka. An buɗe shi a 1927, kuma haƙa shi aka yi cikin ƙasa, don haka daga waje ba za ka ga wani abin kirki ba, sai ka shiga ka leƙa ƙasa kanka ya juya. A nan Manchester United ta ci Real Madrid 3 da 1 a 2014 a gaban mutum 109,318, na san wannan ka gani a talabijin.

Al'adarsu ita ce tun da safe a cika wuraren ajiye motoci, kowane iyali su buɗe bayan mota, su kafa murhu, a yi ta gashi da ci har lokacin wasa. Ba zan ɓoye maka ba, akwai naman alade, akwai giya, wasu tun kafin azahar sun yi tatul. Amma surukata sabon murhu ta saya saboda mu, nama kuma daga Dearborn ta ɗauko shi, garin da Larabawa Musulmi suka yi yawa har mahauta na halal ba sa ƙirguwa. Uwargida ta fito da yajin ƙuli daga jaka, na karɓi wuƙa, kafin ka ce kwabo maƙwabtan mota sun yi layi da faranti. Da lokacin salla ya yi muka shimfiɗa darduma tsakanin motoci biyu, surukina ya ja mu. Wani Bature da ya shafe fuskarsa da shuɗi da rawaya ya janye kayansa ya ba mu wuri, ya kuma rage sautin rediyonsa. Ba na cewa ko'ina haka ne, an sha yi mana kallon banza a ƙasar nan. Abin da na gani ran nan nake faɗa maka. A Dearborn ɗin ma akwai makarantar sakandare ta Fordson, wadda a azumin 2010 ta mai da atisayen 'yan wasanta cikin dare saboda yawancinsu suna azumi.

Tun daga ranar jikokina suka zama 'yan Mishigan. Mutanenmu da ke Columbus kuwa 'ya'yansu 'yan Ohio ne, masu jan kaya, nasu filin ma yana cin sama da 100,000, kuma gabar da ke tsakanin makarantun biyu ta haura shekara ɗari. Duk ƙarshen Nuwamba suke haɗuwa. In aka yi suna ko biki a wannan tsakanin, sai ka ji yara a bayan ɗaki suna musu, rabi Turanci rabi Hausa, tsiyar dai duk da Hausa ake yin ta.

Na san abin da za ka ce: wace Hausar? Ban manta dariyar da kuka yi wa jikokina ba da na kawo su gida, don sun ce wa mace "ya zo". Ta yi mini ciwo, yau na faɗa. Hausarsu ta Kumasi da Nima ce, domin yawancin Hausawan Bronx mutanen zangon Gana ne. Su muka tarar, su suka karɓe mu, su suka kama shaguna suka mai da su masallatai, malamansu ke karantar da yaranmu Asabar da Lahadi, su ne kan gaba ranar suna da ranar jana'iza. Mutanen da kakanninsu suka bar ƙasar Hausa tun zamanin fataucin goro, fiye da shekara ɗari, ba su yar da harshen ba, yanzu kuma sun tsallako da shi teku. Ban ga wanda ya isa ya ce musu ba su cika Hausawa ba, balle wanda 'ya'yansa a tsakiyar Kano suke gaishe shi da Turanci. Gaskiya ne yaranmu sun fi ji fiye da mayarwa, kuma ƙaramar in ta gaji sai ta koma Turanci. Amma tana durƙusawa ta gai da babba, kuma ba ta taɓa kiran sunana ba.

Kai ma fa ka taɓa yi wa filin Amurka ihu. Ka tuna 1996 a ɗakin Gwaggo, Allah ya jiƙanta, daren da Barazil take cin mu 3 da 1 a Olamfik? Ta kore mu ta ce mun hana ta barci, muka maƙale a bakin ƙofa. Da Kanu ya farke ana dab da tashi, ya kuma ƙara ta huɗu, kai ne ka yi tsalle ka fasa mata fitila. Ranar wasan ƙarshe da Ajantina ita da kanta ta jawo tabarma, don an gaya mata akwai yaran Kaduna a tawagar, Tijjani Babangida da Garba Lawal, ta yi ta yi musu addu'a har aka tashi 3 da 2. Wannan filin sunansa Sanford, a garin Athens na jihar Jojiya, kuma ba don ƙwallonmu aka gina shi ba, na zari-rugar jami'ar garin ne. Akwai shingen shuke-shuke da ya kewaye shi tun 1929, wanda mutanen wurin ke ji da shi ƙwarai, sai da aka tumɓuke shi don a faɗaɗa wa 'yan Olamfik fili, daga baya aka sake dasawa. Surukina ya san labarin shingen, bai san an ci zinare a wurin ba. Ni na san zinaren, ban san shingen ba. A kan wannan muka raba dare muna hira.

In kana son abin da za ka tausaya mana a kai, ba hula ba ce, ba kuma suruki ba. Na farko tsada: mutum ya kai iyali wasa ɗaya, kuɗin tikiti da abin taɓawa sai su cinye abin da zai aika gida na wata. Shi ya sa yawancinmu can sama muke zama, inda ɗan wasa ke komawa ɗan mitsitsi. Na biyu, wanda ya fi damuna, caca. A 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe wa jihohi ƙofar halatta caca a kan wasanni, a farkon 2022 kuma Niyok ta yarda a yi ta ta waya. Yanzu tallarta tana jikin allon fili, tana talabijin, tana cikin jirgin ƙasa. Giya ana jin warinta a bakin yaro, wannan kuwa yana zaune kusa da kai a masallaci da wayarsa a aljihu ba ka sani ba. Na san gidan da albashin yaro na wata uku ya tafi a haka kafin uban ya farga. Limaminmu ya yi huɗuba a kai da Hausa, ya maimaita da Turanci don samari su ji, dattawa kuma mun fara zama da su bayan sallar isha'i ranar Juma'a. An ce mini ku ma shagunan cacar ƙwallo sun cika unguwanni kafin a fara rufe su. In akwai dabarar da ta yi muku aiki a kan masu yi ta waya, rubuto mini ita.