Tambaya da amsa: kiwon doki a bakin kogi cikin hamada

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a bakin kogi cikin hamada, rana ba ta ɗaga mana ƙafa. Ina shayar da dokina safe da yamma, amma sai ramewa yake yi, kashinsa kuma ya bushe ƙamas. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, sau biyu ya yi kaɗan. Dokin da ke hutawa a inuwa yakan sha lita 25 zuwa 40 a rana; a irin zafinku, in ana hawansa, yakan wuce lita 60. Sukuwar awa ɗaya kaɗai tana iya fitar masa da gumi lita 10 zuwa 15. Ruwa ya zauna a gabansa dare da rana, kuma a inuwa, don ruwan da rana ta dafa sai dai ya sunsuna ya kau da kai. Gumin doki ya fi na mutum gishiri, shi ya sa jikinsa kan bushe alhali ƙishirwa ba ta kama shi sosai ba. Ka riƙa zuba masa gishiri kimanin giram 30, wato babban cokali biyu, a cikin abinci kullum. Ga gwaji: tsunkuli fatar wuyansa ka saki. In ta wuce daƙiƙa 2 ba ta kwanta ba, ruwan jikinsa ya yi ƙasa.

Tambaya: Goɗiyata tana yawan waiwayen cikinta, ta tona ƙasa da ƙafa, ta yi ta birgima, wani lokaci har da zawo. Na ba ta maganin tsutsa, shiru.

Amsa: Abin da muka fi zato shi ne rairayi. Duk dokin da ake zuba wa ciyawa a ƙasa, ko yake kiwo a ɗan guntun tsiron bakin kogi yana tumɓuko saiwa, yana haɗiye rairayi kaɗan-kaɗan. Nauyinsa kan sa ya kwanta a ƙasan babban hanji, ya gurje shi, a kwana a tashi ya toshe hanya. Ɗebi curin kashi shida daga sama, waɗanda ba su taɓa ƙasa ba, ka sa a farar leda, ka zuba ruwa, ka murje, ka rataye minti 15. In rairayin da ya kwanta a gindi ya wuce ƙaramin cokali, akwai aiki. Amma rashin ganinsa ba shaida ba ne cewa ciki fes yake, don ba kullum yake fitowa ba.

Daga yau abinci ya koma cikin komi, a shimfiɗa tabarmar roba a ƙarƙashi, a share ta kullum. Busasshiyar ciyawa ta wadata: kashi 1.5 zuwa 2 cikin ɗari na nauyinta, wato kilo 6 zuwa 8 a rana ga dabba mai kilo 400. Dokin da ciyawa ba ta ishe shi ba shi ne ke lasar ƙasa. Ranar da ciwon ya tashi, ɗauke abinci, bar ruwa, kira likitan dabbobi. Kada ka yi mata ɗure ta baki. In ruwan ya kauce zuwa huhu, an bar ciwo an kama wani.

Tambaya: An ce watsa wa doki ruwan sanyi yana cikin gumi yana sanƙarar da shi. Gaskiya ne?

Amsa: Ba gaskiya ba ne, kuma wannan tsoron ya cuci dawakai da yawa. Zafin jikin doki mai lafiya digiri 37.5 ne zuwa 38.5. In ya haura 40, yana haki, hanci a buɗe, cire sirdi, kai shi inuwa, a yi ta kwarara masa ruwan sanyi daga wuya zuwa cinya ba ƙaƙƙautawa, a bar shi ya sha. Dokin da ya fi ba da tsoro shi ne wanda aka hau cikin rana ya dawo a bushe, ba ɗigon gumi. Wannan a daina hawansa sai likita ya gani. Hawa dai da sassafe.

Tambaya: Ko ya halatta in ɗaure shi a bakin ruwa da dare ya sha iska?

Amsa: Iskar da daɗi, amma daga faɗuwar rana zuwa wayewar gari lokacin sauro ne da wasu ƙananan ƙwari masu hayayyafa a laka. Waɗannan ƙananan ƙwarin ne suka fi yaɗa cutar dawakai ta Afirka, wadda kan kashe yawancin dawakan da ta kama in ba a yi musu rigakafi ba. Matsar da turke nesa da laka, sa raga mai ƙananan ido a barga, in da lantarki ka kunna fanka, don ƙwarin ba su iya tashi cikin iska mai ƙarfi. Tambayi likita allurar da ta dace da yankinku.

Tambaya: Kofatonsa yana tsagewa.

Amsa: Shiga ruwa da fitowa kan rairayi mai zafi ke kawo haka: kofato ya kumbura, ya bushe, ya dare. Rage tsayuwa cikin kogi, sannan a yanke kofato duk mako 6 zuwa 8.