Tambaya da Amsa: Yadda baƙo a Kumasi zai haɗa kwamfutarsa da intanet ɗin layin waya

Wasiƙun wannan fitowa daga Kumasi suka fi zuwa, daga 'yan'uwan da kasuwanci ko karatu ya kawo Gana daga Najeriya da Nijar. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutum fiye da ɗaya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne daga Kano, ina zaune a Aboabo. Na taho da laftof da modem ɗin MTN da nake aiki da shi a gida. Na sa masa layin MTN na nan Gana, fitilarsa tana ƙyaftawa amma shafi ko ɗaya ba ya buɗuwa. Ai MTN ɗin guda ce, me ya hana?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Sunan ne guda, amma modem ba suna yake karantawa ba, lamba yake karantawa. Kowane layi yana ɗauke da lambar ƙasarsa a ciki: ta Najeriya 621, ta Gana 620, ta Nijar 614. Modem ɗin da kamfani ya sayar a kulle, layin wannan kamfanin na ƙasarsa kaɗai zai karɓa. Sai dai kada ka yanke hukunci tukuna, domin abu uku ne ke kawo abin da ka bayyana, kuma gara a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Fara da layin kansa. Cire shi ka sa a waya, ka kashe Wi-Fi, ka buɗe shafi. In bai buɗu a wayar ba, modem bai yi laifi ba, layin ne ba shi da data ko rajistarsa ba ta kammala ba. Kuɗin kira daban, data daban. A MTN ana sayen data da *138#, a Telecel, wato tsohuwar Vodafone, da *700#.

In ya buɗu a waya, mayar da shi modem, ka lura gefen zinarin ya kwanta yadda hoton jikin ramin ya nuna. Yawancin modem suna cin babban layi ne irin na da, don haka kada ka jefar da firem ɗin robar da aka ɓallo ƙaramin layin daga ciki. Masu cusa ƙaramin layi haka nan su ne ke karya ƙarafunan ramin. Jona shi a laftof, ka buɗe burauza, ka rubuta 192.168.8.1 in na Huawei ne, ko 192.168.0.1 in na ZTE ne. Wannan shafin a cikin modem ɗin yake, ba ya buƙatar data. Tsofaffin modem kuwa manhajarsu ce ke buɗe kanta. In ka ga an rubuta Invalid SIM ko SIM Lock, ko ana neman lambar buɗewa, to a kulle yake.

A nan muke roƙonka, Alhaji, kada ka yi ta gwada lambobin da ka tsinta a intanet. Modem ɗin Huawei da yawa sau 10 kacal suke yarda a gwada, daga nan sai su kulle gaba ɗaya. Lambar buɗewa daga IMEI ake fitar da ita, wato lambobi 15 ɗin da ke ƙarƙashin murfi, kuma ta kowane modem daban ce. Kai shi wurin masu gyaran waya a PZ cikin Adum, ka tafi da laftof da layinka, kada ka biya sai shafi ya buɗu a gabanka. In modem ɗin tsohon 3G ne, irin E173 ko E303, a ganinmu bai cancanci kuɗin buɗewa ba. Ko an buɗe shi, tafiyar hawainiya zai riƙa yi maka.

In kuwa ba a kulle yake ba, saura APN, adireshin da modem ke bi ya shiga intanet ɗin kamfani. Naka yana nan riƙe da na gida, web.gprs.mtnnigeria.net, wanda ba ya aiki a nan. Shiga Settings, sai Profile Management, sai New Profile. Sa masa sunan da ka ga dama. A gurbin APN rubuta internet in MTN ce, ko browse in Telecel ce, duk da ƙananan baƙaƙe. Gurbin suna da na lambar sirri bar su fayau. In an nemi lambar kira, *99# ce. Ajiye, ka tabbata ka zaɓi wannan sabon a matsayin wanda za a riƙa amfani da shi, don nan ne mutane suka fi mantawa, sannan ka cire modem ka sake jonawa. A Huawei E3372, fitila mai ƙyaftawa na nufin ya ga sabis amma bai shiga ba. In ta tsaya cak, ka shiga.

Tambaya: Ni ɗaliba ce daga Maraɗi, ina karatu a jami'ar KNUST da ke Kumasi. Wani mai shago ya ce zai ba ni layin da aka riga aka yi wa rajista, ba sai na wahala ba. In karɓa?

Amsa: Kada ki karɓa, Malama. Tun 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, ta ɗaure rajistar layi da katin shaida na Ghana Card. Baƙon da ke zaune a ƙasar yana da nasa nau'in katin na waɗanda ba 'yan ƙasa ba, hukumar katin shaida ta ƙasa, NIA, ke bayarwa, ana biyan kuɗinsa kuma ana sabunta shi. Rajista da fasfo ta mai ziyara ce, ta ɗan lokaci, wa'adi na cika a rufe layin. Tun da karatu ya kawo ki, katin za ki nema, ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje na jami'arku zai nuna miki hanya.

Layin da ke da sunan wani ba naki ba ne, ko shekara nawa kika yi da shi. Ranar da ya ɓata ko ya lalace, kamfani ba zai yanka miki sabo ba sai mai sunan ya zo da kansa, kuma datar da ke kai da kuɗin MoMo, wato asusun kuɗi na layin waya, duk sun maƙale. Je ofishin kamfanin da kanki, ki ga an rubuta sunanki. Lambar sirrin MoMo kuma ba a faɗa wa kowa, ko da mai kiran ya ce daga kamfani yake, ko ya ce ya turo miki kuɗi bisa kuskure.

Tambaya: Na sayi data gigabait 10, kwana uku ta ƙare, alhali saƙon imel da lissafin kaya kawai nake yi a kwamfuta. Anya ba yanka ta ake yi ba? Daga wani mai sayar da atamfa a Kejetia.

Amsa: Malam, kafin a zargi kowa, kwamfutar da kanta za ta gaya maka inda datar ta tafi. A Windows 10 shiga Settings, sai Network & Internet, sai Data usage. A Windows 11 yana ƙarƙashin Advanced network settings. Za ka ga jerin manhajoji da abin da kowace ta ci cikin kwana 30. Mafi yawan lokaci, wanda ke saman jerin shi ne System ko Windows Update, sai OneDrive, sai burauza.

Dalili kuwa shi ne, kwamfuta ba ta san cewa datar awo kake saya ba. Duk Wi-Fi ɗin da ta samu, ɗauka take irin na ofis ne wanda ba ya ƙarewa, sai ta shiga sauke sabuntawa a ɓoye. Babbar sabuntawar Windows guda ɗaya tana iya cin gigabait 3 zuwa 5. In laftof ɗin ya daɗe bai ga intanet ba, ko sabon saye ne daga masu kayan gwanjo, bashin watanni ne zai biya a wuni ɗaya.

Maganin maɓalli guda ne, Metered connection. Shiga Settings, Network & Internet, Wi-Fi, danna sunan wanda kake kai, ka kunna shi. Abu biyu ne ke ruɗa mutane a nan. Na ɗaya, kowane Wi-Fi sai an kunna masa nasa. In ka canja sunan hotspot ɗinka, wato Wi-Fi ɗin da wayarka ke watsawa, ko ka hau na wani, sai ka sake. Na biyu, in da kebul ka haɗa waya da kwamfuta, ko modem ɗinka irin mai shafin 192.168.8.1 ne, Windows yana ganinsa a matsayin Ethernet, don haka a ƙarƙashin Ethernet za ka je ka kunna. Mutane da yawa sun kunna na Wi-Fi sun kwanta, data kuwa tana zuba ta kebul.

Bayan wannan, je Windows Update ka dakatar da shi, yana yarda har mako 5. A can ciki akwai Delivery Optimization, kashe izinin saukewa daga wasu kwamfutoci, don kada taka ta riƙa aika wa wasu da datarka. OneDrive da Google Drive a dakatar da su in ba a buƙata. Amma ba mu ce a bar sabuntawa har abada ba, domin ita ce ke toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi, musamman ga mai shiga asusun banki. A yi ta da datar dare. MTN tana da irin wannan, daga 12 na dare zuwa 5 na asuba, kuma ta fi ta rana sauƙi. Saya, ka kashe Metered connection, ka bar kwamfutar a caji ta gama, da asuba ka mayar da maɓallin.

Ga wani lissafi da zai yi maka amfani. Duk abin da ke gudu a megabit 1 cikin daƙiƙa, megabait 450 yake ci a awa. Bidiyon da ke jan megabit 5, irin mai tsabtar 1080p, ya haura gigabait 2 a awa ɗaya. Kuma YouTube a babban allo da kansa yake zaɓar mafi tsabta in sabis ya yi kyau. In yaran shago suna kallon ƙwallo ko wa'azi a laftof ɗin, a sauke shi zuwa 360p ko 480p. Sannan duba mutum nawa ke kan hotspot ɗinka. Lambar sirrin da aka ba maƙwabci ɗaya a kasuwa, kafin la'asar layin shagunan duka ya san ta.

Ka kuma lura da irin datar da kake saya. Akwai wadda ta Facebook da WhatsApp ce kawai, akwai ta bidiyo, akwai ta dare. In ka sayi irin wannan ka hau kwamfuta, sauran shafuka ba za su buɗu ba, ko kuma a riƙa cira daga kuɗin kiranka a farashi mai tsada. Shi ya sa layin modem ba a barin kuɗin kira a kansa.

Tambaya: Wanne ya fi, hotspot ɗin waya, modem, ko MiFi? Mu huɗu ne a ɗaki a Asawase, kuma sabis ba ya kamawa sosai a ciki.

Amsa: Mutum ɗaya mai aikin awa ɗaya ko biyu, wayarsa ta ishe shi, ba sai ya sayi komai ba. In da hali ya haɗa da kebul, ta USB tethering, don wayar tana caji tana aiki, ba ta kuma zafi kamar a Wi-Fi. Ku da kuke huɗu, MiFi, wato ƙaramar na'urar da ake sa wa layi ta watsa Wi-Fi, ya fi dacewa da ku. Yana da batirinsa, ko an ɗauke wuta, abin da ake kira dumsor a nan, yana ci gaba na wasu awanni, kuma ba a rasa intanet don mai wayar ya fita masallaci. Kada dai a bar shi a caji dare da rana, batirin kumbura yake. Lokacin saye, ku nemi wanda ba a kulle ba, ku duba kwali ku ga yana ɗaukar Band 20, wato 800 MHz, domin a kansa MTN da Telecel suka kafa 4G ɗinsu a Gana. Wanda aka kawo daga Amurka sau da yawa ba shi da shi, sai ya riƙa faɗawa 3G. Araha ba ta ado.

Kafin ku zuba kuɗi a data mai yawa, ku sayi 'yar kaɗan a layuka biyu ku gwada a cikin ɗakin, da safe da kuma bayan isha'i, lokacin da kowa ya hau. Kamfanin da ya fi a Adum ba lallai ya fi a lungunku ba. Rufin kwano da katangar siminti suna tare sabis, don haka MiFi a bakin taga ake ajiye shi, sama-sama, ba a kan katifa ba. Mai modem ya sayi kebul ɗin ƙari na USB mai mita 2 ko 3, ya rataye shi a taga. In shafin na'urar yana nuna RSRP, wato lambar ƙarfin sabis, ku bi shi ya fi sandunan sabis gaskiya: kusa da -80 ya yi kyau, in lambar, ban da alamar ragi, ta haura 110 ya yi rauni. Ku matsa da shi kaɗan-kaɗan har lambar ta gyaru.

Wajen sake loda data, ba sai an cire layin ba. Ku rubuta lambarsa a takarda ku manna a bayan MiFi, in na MTN ne ku riƙa saya masa daga waya ta *138# ko ta MoMo a *170#, ku zaɓi saya wa wani. Saƙonnin kamfani na ragowar data suna shiga akwatin SMS na shafin na'urar.

Tambaya: Laftof ɗina ba ya ganin hotspot ɗin wayata ko kaɗan, da kebul ma caji kawai take yi.

Amsa: Tsofaffin laftof 2.4 GHz kaɗai suke gani, sababbin wayoyi kuwa suna iya watsawa a 5 GHz. A Android shiga saitin hotspot ka mayar da shi 2.4, a iPhone kunna Maximize Compatibility. Kebul kuma, akwai na caji zalla wanda babu wayoyin data a cikinsa, canja wani. In iPhone ce, Windows ba zai gane ta da kebul ba sai an sa iTunes ko Apple Devices.

Tambaya: Na bar layina na Najeriya a waya saboda saƙon banki. Akwai abin da zan kiyaye? Kuma tun da na gyara agogon kwamfuta, lambobin shiga asusu suke ƙin karɓuwa.

Amsa: Barin layin daidai ne, Hajiya, amma ki kashe masa Data roaming, ki kuma tabbata layin Gana ne aka zaɓa na data kafin ki kunna hotspot. In ba haka ba, kwamfuta za ta cinye kuɗin layin gida cikin mintuna. Batun agogo kuwa, Gana tana bayan Najeriya da Nijar da awa ɗaya. Da alama da hannu kika ja agogon baya, kika bar yankin lokaci a na Afirka ta Yamma ta Tsakiya. Manhajar da ke fitar da lambar shiga duk daƙiƙa 30 da ainihin lokacin duniya take lissafi, in ya goce ba za ta dace ba. Shiga Time & Language, ki zaɓi yankin da aka rubuta Monrovia, Reykjavik, ki kunna Set time automatically, sannan ki danna Sync now. Ki duba wayarki ma, ita ma a bar ta ta ɗauki lokaci daga sabis.