Jan Leza Ba Ya Auna Asarar Haske a Fiba

Ka tambaya ko jan lezan nan mai kama da biro zai auna maka asarar haske a wayar fiba, wato siririyar wayar gilashi mai kai saƙo da haske. A'a, ba aikinsa ba ne. Shi dai yana nuna inda waya ta karye ko ta lanƙwashe, sai ka ga ja ya ɓullo ta jikin rigarta.

Tsawon zangon haskensa nanomita 650 ne, layukan sadarwa kuwa a 1310 da 1550 suke aiki, don haka awo da shi ba zai nuna ainihin asararsu ba. Haskensa ma ba ya tsayuwa. Na taɓa jona shi da mitar auna ƙarfin haske, batir na yin sanyi lambobi suka kama rawa.  Kada dai ka leƙa bakin wayar yana kunne.