Game da Midori da barinta Japan

Malam, ka tambaya ko komawa Amurka ce ta mayar da Midori Goto gwanar gogen Turawa. A'a, da gwanintarta ta tafi. An haife ta a Osaka a 1971, kuma mahaifiyarta, Setsu Goto, wadda ita ma mai goge ce, ita ta fara koya mata tun tana ƙanƙanuwa. A 1982 suka koma birnin New York, ta shiga makarantar kiɗa ta Juilliard a hannun Dorothy DeLay, kuma a ƙarshen shekarar, tana da shekara 11, ta yi wasa da ƙungiyar makaɗa ta New York Philharmonic ƙarƙashin jagorancin Zubin Mehta.

Abin da Amurka ta ƙara mata shi ne manyan malamai da babban dandali. Amma ni da na koyar da yara kiɗa na ga cewa dandali ba ya rufa wa hannun da bai ƙware ba asiri. Dubi abin da ya faru a bikin kiɗa na Tanglewood a Amurka a 1986: tsirkiyar goge ta tsinke mata har sau biyu, Leonard Bernstein na jagorantar makaɗan, ta karɓi gogen wani, ta sake karɓar na wani, ta ƙarasa waƙar ba ta rikice ba.