Tambaya da Amsa: Wace Sitika Ce Za Ta Jure Ranarmu?

Tambayoyin wannan wata duk kan sitika suka zo. Mun zaɓi shida, mun miƙa su ga masu aikin buga sitika da yankanta, ga kuma amsoshin da muka haɗa tare da su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da adaidaita sahu da nake bayarwa haya. Na sa an buga mini sitika mai sunana da lambar waya, aka liƙa a bayan kowace. Ko shekara ba a yi ba jan ya koma ruwan hoda, gefuna sun ɗago, ga wani baƙin layi ya zagaye sitikar. Mai shagon ya ce laifin rana ne. Gaskiya ne? *(Mai adaidaita, Kurna, Kano)*

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Rana tana da nata kason, amma ba ita kaɗai ba ce. Matsala uku ka lissafa, kuma kowace da sanadinta.

Baƙin layin nan shaida ce cewa ledar ta tsuke. Yawancin abin da ake sayarwa da sunan SAV, wato ledar sitika mai gam a bayanta, a shagunan buga bana (allunan talla na leda), nau'in da ake kira monomerik ne. Murza robar ake yi tsakanin manyan ƙarafa masu zafi har ta yi falle, kamar yadda ake murza kwaɓin fulawa, to duk lokacin da ta sha zafi sai ta nemi komawa yadda take. Sinadarin da ke sa ta laushi kuma yana ficewa a hankali. Idan ta ja baya da milimita ɗaya ko biyu, gam ɗin da ke ƙarƙashinta ya fito fili, ƙura ta hau kai. Wannan shi ne layin da kake gani.

Akwai nau'i biyu da suka fi ta. Folimerik ita ma murzawa ake yi, amma sinadarin laushinta ba ya saurin gudu, don haka tsukewarta kaɗan ce. Sai wadda ake kira kas, wadda ake zuba robar tana ruwa-ruwa a kan faranti a busar da ita ba tare da an ja ta ba. Kaurinta kusan maikiron 50 ne (maikiron dubu ke yin milimita ɗaya), alhali monomerik tana kaiwa 80 zuwa 100. Mutane da yawa suna taɓa mai kaurin su ce ita ce mai kyau. Ba haka ba ne. Siririyar ita ce mai tsada, ita ce ke bin lanƙwasa da kan ƙusa ba ta ɗago ba.

Kamfanoni kan rubuta cewa monomerik tana yin shekara 1 zuwa 3 a waje, folimerik 5 zuwa 7, kas kuma 7 zuwa 10. Sai dai an auna waɗannan shekarun ne da yanayin tsakiyar Turai, kuma a kan abu mai tsaye kamar bango ko ƙofar mota. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, shawararmu ka raba adadin biyu. Idan kuma a wurin da ke kallon sama ne, kamar saman mota, ka ƙara ragewa.

Koɗewar ja kuwa daga tawada ne. Injin bugu na yau da kullum ba shi da jar tawada; haɗa ruwan hoda mai duhu da rawaya yake yi ya fitar da ja, kuma waɗannan biyun su suka fi saurin mutuwa a rana. Ga sabulun gari da ake wanke adaidaita da shi kullum, ga fetur da ke fantsama. Maganinsa a rufe bugun da lamineshan mai tare hasken rana, wato siririyar leda garai-garai da ake liƙawa a kan bugu. Amma a kula da abu biyu. Na farko, lamineshan ta zama jinsi ɗaya da ledar: kas a kan kas, folimerik a kan folimerik. Idan aka ɗora mai tsukewa a kan wadda ba ta tsukewa, ta saman za ta janyo ta ƙasan, gefe ya naɗe. Na biyu, bugun eko-solben, wato tawada mai sinadari da ake buga irin wannan leda da ita, yana buƙatar aƙalla awa 24 a sassauta naɗin a tsayar da shi ya sha iska kafin a rufe shi. Idan aka rufe nan take, sinadarin tawadar da bai gama fita ba sai ya nutsa cikin gam ya raunana shi. Duk shagon da ya buga maka, ya rufe, ya yanka cikin awa ɗaya, ka san an tsallake wannan.

In da za ka ji tamu, Alhaji, tunda suna ne da lambar waya kawai, kar ma a buga. A yanko haruffan daga leda mai launinta na asali, wadda launin ke cikin jikinta gaba ɗaya. Leda samfurin Oracal 651 ta isa wuri mai shimfiɗe, 751 kuma wuri mai lanƙwasa. Baƙi da fari sun fi kowane launi daɗewa. Ka nemi ganin naɗin da lambarsa da idonka kafin a yanka.

Wajen liƙawa, a wanke wurin da sabulu, ya bushe sarai, sannan a goge da sifirit. Ban da fetur ko kananzir, maiƙo suke bari. A yi aikin da safe a inuwa, don a kan ƙarfe mai zafi gam kamawa yake tun kafin a daidaita, ledar kuma ta miƙe. A goga daga tsakiya zuwa gefe da tsohon katin banki da aka naɗe da ƙyalle. Kusurwoyi a yi su da'ira-da'ira, domin mai tsini ita ke fara ɗagowa. A bar ta kwana biyu ba wanki. Idan sabon fenti ne, a jira mako uku.

Tambaya: Ina yin zoɓo da kunun aya a robar 50cl, ina kuma sayar da man kaɗe. Da na sa robobin a kula da ƙanƙara, sitikar sai ta jiƙe ta saɓule, rubutun ya dame. Me zan canja? *(Wata uwargida, Sabon Gari, Zariya)*

Amsa: Hajiya, alamu sun nuna takarda aka buga miki, da tawadar ƙaramin firinta irin mai narkewa a ruwa. Ki ce a buga miki a kan BOPP fara, wato siririyar robar da kike gani a jikin kwalaben shamfu, ko a kan farar leda da injin eko-solben ko na UV (mai busar da tawada da haske), a rufe da siririyar lamineshan. Man kaɗe ya fi zoɓo buƙatar rufin, saboda mai yana cin tawada ya kuma ratsa gefen takarda.

Rabin matsalar kuma tana wajen liƙawa. Gam ba ya kama jiƙaƙƙen wuri. Robar da ta fito daga firji gumi take yi ko da ido bai gani ba. Ki liƙa tun robar tana busasshiya, kafin ki zuba, ki bar ta ta kwana, sannan ta shiga sanyi. Ki zagaya robar da tsirin takarda ki auna faɗin, ki tsaya a sashen da yake miƙe. Inda ta fara tsukewa wajen wuya ko ƙugu, sitika yamutsewa take yi.

Idan kina sha'awar sitika garai-garai mai nuna abin da ke ciki, ki sani tawadar launi haske na ratsa ta. A kan jan zoɓo rubutun nutsewa zai yi, sai in injin yana da farar tawada da zai fara shimfiɗawa a ƙasa. Ba kowane shago ke da shi ba, ki tambaya.

Ki bar gurbin lambar NAFDAC, ranar yi, ranar lalacewa da lambar rukuni. Tawadar hatimi ba ta bushewa a kan lamineshan mai sheƙi, don haka ko a yi miki marar sheƙi, ko ki rubuta da alƙalamin maka wanda ba ya gogewa. Kada ki sa ranar a irin takardar rasiɗin POS, zafi baƙanta ta yake yi.

Kafin ki biya kuɗin dubu, karɓi guda goma. Liƙa su, jefa biyu a ruwan ƙanƙara su yi awa 24, ki murza da babban yatsa. Shafa wa ɗaya man kaɗe ki bar ta kwana uku. Don lissafi kuma: naɗi mai faɗin mita 1.27 yana ba da wajen mita 1.2 na bugu. Sitika mai santimita 5 kowane gefe, da tazarar milimita 4, tana shiga 22 a jere, layi 18 a tsawon mita ɗaya, wato 396. Ki ƙara kashi goma cikin ɗari saboda waɗanda za su lalace.

Tambaya: Ina da firinta leza a shagona. Zan iya yanka SAV daidai A4 in sa a ciki? *(Mai shagon kwamfuta, Gombe)*

Amsa: A'a, Malam, kar ka gwada. Sashen da ke gasa garin tawada a leza yana kaiwa kusan digiri 200. Ledar PVC narkewa za ta yi ta naɗe a ciki, gam ya malale, gyaran ya fi ƙarfin ribar. Ka nemi takardar sitika ta foliyesta wadda aka rubuta a kwalinta cewa ta leza ce. Firinta mai tawadar ruwa ma ba ya kama SAV, sai leda mai shafi na musamman. Haka nan kada a yanka PVC da injin yanka na leza: hayaƙinsa na ɗauke da sinadarin kulorin, yana cutar da huhu yana kuma cin ƙarfen injin.

Tambaya: Muna liƙa sunan kamfani a jarkoki da kuloli da tankin ruwa. Duk sitikar da muka sa, kwana kaɗan ta ɓalle da kanta, alhali a gilashi ba ta motsi. *(Mai sayar da man gyaɗa, Katsina)*

Amsa: Laifin ba na bugu ba ne, na gam ne. Jarka da tanki ana yin su da roba irin su foliyetilin, wadda gam na yau da kullum ba ya bazuwa a kanta. Ɗiga ruwa a jikin jarkar ka gani: idan ya dunƙule ya gangara bai jiƙa wurin ba, haka gam ɗin ma yake yi. Ka nemi leda mai gam mai ƙarfin kamu, wadda aka yi don irin wannan roba. Gam ɗinta ya fi kauri, yana cika ƙananan ramukan jikin kula. Sabuwar jarka tana zuwa da santsin masana'anta, tsohuwa kuma da maiƙo, duk sai an goge da sifirit. Bayan liƙawa a ɗan hura mata zafi da na'urar busar da gashi a danne sosai, kuma kar a yanke hukunci sai bayan kwana uku, lokacin da gam ke gama kamawa. Idan jarkokin sun kai dubbai kuma launi ɗaya ne, bugun sikirin, wato tura tawada ta cikin raga, ya fi araha a kan kowace ɗaya, tawadarsa kuma ta fi kauri.

Tambaya: Injina eko-solben ne mai kan feshin tawada samfurin XP600. Da hunturu ya shigo sai bugu ya riƙa fita da layi-layi, ga wani feshi kamar hazo a gefen haruffa. *(Mai buga bana, Damagaram)*

Amsa: Ɗan'uwa, bushewar iska ce. Waɗannan injuna sun fi son danshi tsakanin kashi 40 zuwa 60, a hunturu kuwa yakan faɗi ƙasa da 20. Leda tana tara lantarkin gogayya, irin wanda ke ɗan jan mutum idan ya taɓa ƙofar mota, shi ne ke karkatar da ɗigon tawada ya zama hazon da kake gani. Ka tabbatar injin yana da wayar ƙasa ta gaske, ka sa na'urar ƙara danshi ko aƙalla bahon ruwa a ɗakin, ka toshe kafofin ƙura. Layi-layin kuma ramukan kan ne suka fara bushewa. Kowace safiya ka buga gwajin ramuka kafin aiki, ka goge robar da kan ke zama a kai da ruwan wankinsa, ka duba tana rufewa ruf. Ɗauke wuta a tsakiyar bugu yana barin kan a buɗe, don haka UPS, na'urar batir mai riƙe wuta, wajibi ne. Hita ta tsaya wajen digiri 35 zuwa 45. In ta wuce, ledar ta kumbura ta gogi kan. Kada a taɓa fuskar leda da hannu kafin bugu, shatin yatsa fitowa yake a cikin launi.

Tambaya: Na aika zane da sunan makarantarmu, da aka buga sai ƙ da ɗ suka koma akwati. Yaya zan hana wannan? *(Malamar makaranta, Haɗeja)*

Amsa: Malama, salon rubutun da ke kwamfutarki babu shi a tasu, wanda ya maye gurbinsa kuma ba shi da haruffa masu ƙugiya. Ki zaɓi salon da ke da ƙ, ɗ da ɓ, irin su Andika ko Noto Sans. Idan kin gama, a CorelDRAW ki zaɓi rubutun duka ki danna Ctrl da Q, ya koma zane, sannan ki fitar da PDF. Ki aje kwafin asali daban, don bayan wannan ba a iya gyara harafi. Launi ya kasance a tsarin CMYK (tsarin launi na injin bugu), hoto ya kai dpi 300 (ɗigo 300 a kowane inci) a ainihin girman sitikar, launin bango ya zarce layin yanka da milimita 2 zuwa 3 don kada farin gefe ya bayyana. Idan haruffan yankawa za a yi ba bugu ba, kada tsayinsu ya gaza santimita ɗaya da rabi, domin ƙugiyar ɗ siririya ce, ita ke fara tsinkewa wajen tsince ledar. Ki sa su buga miki guda ɗaya ki karanta ta harafi-harafi kafin su saki sauran.