Ɗiyan tarwada na mutuwa, uwaye zan canza ko ruwa?

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Saƙonni sun taru satin ga, na zaɓo uku da sunka haɗu a wuri guda, wato maganin feshi da kihi. Masu tambayar farashin injin ban ruwa ku yi haƙuri sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.

Na farko wani matashi ne daga nan cikin garin Tahoua, ga abin da ya rubuto a taƙaice: "Malam sau biyu ina ƙyanƙyasar tarwada, ƙwai na fashewa amma kwana biyu uku sai ɗiyan su mutu, wasu ma da lanƙwasassar wutsiya suke hitowa. Ruwan wani tabki kusa da garake nake sa a ɗebo min da amalanke. Manyan kihina cikin ruwan suke kuma lahiyarsu lau. In sayo wasu uwaye daga Yamai ko in sayi injin hura iska cikin ruwa?"

Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Maganar da ka yi cewa manyan lahiyarsu lau ita ce ta ruɗe ka, don babbar tarwada dabba ce mai taurin rai, ka aje ta cikin laka ma sai ta kwana, amma ƙwanta da ɗanta na kwana ɗaya ba haka suke ba ko kaɗan. In ruwa na da ɗumi, wajen digiri 27 zuwa 30, ƙwan tarwada kwana ɗaya ko da ɗan ɗoriya yake ya fashe, to ka ga cikin wannan ɗan lokacin ne ake fara gina ƙashin baya da zuciya da ido da komai. Bayan ya hito kuma kusan kwana 3 bai cin komi, da ɗan ƙullin kwanduwar da ke manne a cikinshi yake rayuwa, fatarshi siririya ce ta nan yake shaƙar iska, hantarshi ba ta yi ƙwarin da za ta tace guba ba. Duk abin da ke cikin ruwa kai tsaye jikinshi yake shiga. Shi ya sa masu bincike in suna son sanin ƙarhin gubar magani, ƙwan kihi suke sakawa ciki su sa mishi ido awa 96, abin da suke gani kuma shi ne irin wanda ka faɗa, baya ya karkace, ciki ko wajen zuciya ya kumbura, wasu su yi ta juyi wuri ɗaya kamar masu hajijiya.

Ban ce lalle maganin feshin garake ne ya shiga ruwan tabkin ba fa, sanyin Disamba da Janairu ma na lalata ƙyanƙyasa, haka ruɓaɓɓen ƙwai da ba a tsince ba yana ɓata ruwa cikin dare ɗaya. Amma gwaji bai da tsada. In ka matse ƙwai karo na gaba ka raba shi biyu, baho ɗaya ruwan tabkin, ɗaya ruwan foraj ko rijiya mai zurhi wadda ba ta tsakiyar lambu, uwa ɗaya uba ɗaya wuri ɗaya, bayan kwana huɗu ka duba da idonka. In ruwan pompo za ka sa ka bar shi ya kwana biyu a buɗe warin jabel ya hita.

Sai kuma tambaya biyu da nake so ka amsa ma kanka. Bisa mi kake shimhiɗa ƙwan? Na taɓa zuwa wajen wani yaro da ke wannan kukan, muna shiga na ga sabon sange ya yanka ya ɗaure a katako ya baza ƙwai bisa, irin wanda ake rabawa don sauro, ai wannan sangen da magani cikin zarenshi, kuma wanki ɗaya ko biyu ba ya hidda shi don da gangan anka yi shi ya jure wanki. Na biyu, ana yayyafa piya-piya ko a kunna maganin sauro a ɗakin da bahunan suke? In amsar e ce to ga ɓarawonka nan cikin gida. Injin iska abu ne mai kyau amma bai cire guba, sabbin uwaye kuwa ɗiyansu cikin wannan ruwan za su faɗa.

Saƙo na biyu daga wani dattijo mai noman albasa da tumatir a bakin tabkin Tabalak. Ya ce magani iri biyu yake gani a kasuwa, akwai mai arha da ake zubawa a ƙaramin buteli babu takarda, akwai mai tsada na shago, ƙanenshi kuma masunci ne kullum suna cacar baki cewa feshinsu ne ya rage kihi, shin wane zai saya?

Baba, Allah shi ƙara girma, ƙanen naka bai yi ƙarya duka ba, ko da yake ƙarancin ruwa da cikewar tabki da yashi da raga mai ƙananan ido su ma suna da nasu kason. Tabalak tun 2005 yana cikin jerin wuraren ruwa na duniya da ake kira Ramsar, kuma bakin-bakin nan mai ciyawa inda ruwa bai da zurhi, inda lambunku ya ƙare, nan ne dai tarwada ke zuba ƙwai in ruwa ya cika, nan kuma ɗiyan karfasa ke ɓuya. Wanda ya tsuguna wurin ya wanke pompin feshi kamar ya zuba ne cikin ɗakin mai jego.

Na butelin da babu takarda kam kar ka saya ko kyauta ne, ba ka san mi ke ciki ba, mai saidawar ma galibi bai sani ba. Nemi mai lambar izini ta CSP, kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance magungunan ƙwari, wanda ke ƙarƙashin CILSS, hukumarsu ta yaƙi da fari, ma'aikatan gona na da jerin sunayen, RECA, wato haɗakar majalisun manoma na Nijar, ma na hiddawa. CSP da CILSS ɗin ne sunka hana wani maganin ƙwari mai suna endosulfan tun 2007, duniya ta bi baya a 2011, kuma wannan maganin ya yi ƙaurin suna wajen kashe kihi.

Amma kar in yaudare ka, mai izini ma ba yana nuhin kihi ya tsira ba. Layin launi na ƙasan takarda, ja ko rawaya ko shuɗi ko kore, haɗarinshi ga mutum yake nunawa. Na kihi hoto ne daban, mataccen kihi kusa da busasshen icce. Sa jikanka ɗan lakol ya karanta maka ƙananan rubutun, in ya ga lambda-cyhalothrine ko cyperméthrine ko deltaméthrine to ka san waɗannan su ne dodon kihi, na farkon nan ƙasa da giram 1 cikin lita miliyan 1, wato tano 5000, ya isa ya kashe wasu irin kihin. Chlorpyrifos da profénofos su ma haɗari ne ga kihi, jijiya suke kamawa. Don tsutsar tumatir akwai wanda ake ce ma Bt, shi tsutsa yake kashewa bai dami kihi ba, sai dai bai aiki ga ƙananan ƙwarin da ke sa ganyen albasa fari-fari, su sai ka gwada jiƙon ɗiyan bedi tun ba su yi yawa ba, shi ma saura kar a juye shi cikin tabki. In dole ta sa ka ɗauki mai ƙarhin, fangalolin da ke nesa da ruwa za ka fesa, da sassahe ko marece lokacin da iska ta kwanta, ka bar ciyawa tsakaninka da bakin ruwa, ka ɗebi ruwa da bokiti ka hau tudu ka haɗa can, ka ɗauraye kwalbar sau uku ka juye cikin pompin, sannan ka huda ta.

Na uku gajere ne. Wata hajiya daga Konni za ta aiko a sayo mata ɗiyan kihi, ta ga bidon na lita 20 masu arha a kasuwa amma suna ɗan wari, in an wanke da omo ya yi?

A'a Hajiya. Mai yiwuwa warin na maganin feshi ne, kuma roba na shan magani, omo bai hidda shi, kuma omon kanshi in ya saura yana kashe ɗiyan kihin. Nemi bidon ɗin da anka ƙarar da man girki ciki, a wanke da ruwan zahi sosai a shanya, a yanke samanshi don iska, ruwan ya tsaya rabi, a taso da asuba. Masu warin nan ko ruwan alwala kar ki bari yara su zuba ciki.