Tambaya da Amsa: In tsallake zangon farko na The Expanse?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Abokai sun ishe ni da zancen fim mai dogon zango na The Expanse. Na kunna kashi na ɗaya, kafin in kai rabi kaina ya ɗaure, ga sunaye barkatai, ga wasu suna wani yare da ban gane ba. Wani ya ce kada in wahalar da kaina, in nemi bidiyon taƙaitawa a YouTube in wuce zango na biyu, wai can ne labarin ya fara daɗi. Dare kawai nake samu bayan aiki, ina tsoron in zubar da lokacina a banza. Zangon farkon ya cancanci kallo?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ya cancanta, kuma ka faro shi daga tushe. Kashi goma ne kacal, kowanne bai kai awa ɗaya ba, jimilla awa bakwai da ɗoriya. Ɗaurewar kan da ka ji ba laifinka ba ne. Da aka fara haska shi a tashar Syfy a Disamba 2015, labari uku na rayuwar mutane a sararin samaniya a zamani mai zuwa aka saka a lokaci guda: ɗan sanda Miller yana neman wata yarinya, Julie Mao, a tashar Ceres, wani matsugunin mutane a sararin samaniya, Holden da abokan aikinsa a Canterbury, jirgin sararin samaniya mai dakon ƙanƙara zuwa Ceres don samar da ruwa, sai Avasarala, babbar jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba a tsaya yi wa mai kallo bayani ba, an bar shi ya tsinci kansa a ciki.

Shawarar nan da aka ba ka ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya, domin kusan kullum sai na ji ta. Wanda ya ce ka wuce zango na biyu bai san yadda aka gina fim ɗin ba. Daga littattafan James S. A. Corey aka ɗauko shi, sunan alƙalami na marubuta biyu, Daniel Abraham da Ty Franck. Littafin farko, Leviathan Wakes na 2011, bai ƙare a zangon farko ba, sai a kashi na biyar na zango na biyu. Ka ga ke nan mai tsallakewa a tsakiyar littafi zai faɗa, a daidai gaɓar da ake ƙoƙarin warware ƙullin da bai ga lokacin da aka ƙulla ba. Daɗin da abokanka suke ji a zango na biyu, a zangon farko aka dasa shi.

Su kuma masu bidiyon taƙaitawa, me suke ba ka? Wane ya mutu, wane ya gudu, jirgi kaza ya fashe, cikin minti goma, da murya mai sauri kamar ana korar mutum. Yawan masu danna bidiyon ne damuwarsu, shi ya sa suke zuba maka sirrin ƙarshe tun a hoton bango. Abin da ya sa fim ɗin ya fita daban ba ya shiga taƙaitawa. Akwai wurin da aka kamo wani ɗan Belt, wato mutanen da aka haifa a duwatsun da ke tsakanin duniyar Mas da Jufita, aka kawo shi doron ƙasa, aka rataye shi da ƙugiya a ƙarƙashin hammata. Ba duka, ba wuta. Nauyin jikinsa kawai ne azabar, saboda ƙashinsa ya girma a inda jan ƙasa ba shi da ƙarfi, ga Avasarala a tsaye tana yi masa tambayoyi cikin natsuwa. Wanda ya ga wannan da idonsa ba sai an gaya masa dalilin da 'yan Belt suka tsani mutanen duniyarmu ba. Haka wurin da Miller yake tsiyaya abin sha, ruwan ya karkace kafin ya faɗa kofi, domin tashar Ceres juyawa take yi. Daƙiƙa kaɗan ne, amma daga nan za ka yarda cewa mutanen nan a can suke rayuwa. Mai taƙaitawa zai yanke waɗannan duka, ya ce ba su da amfani ga labari. To, ai su ne labarin. Tarwatsewar Canterbury ma, in ba ka ga yadda ake rabon ruwa da awo a Ceres ba, ba za ka gane me ya sa asarar jirgi ɗaya ta tayar da tarzoma ba. Abin takaici, mutum zai tsallake, ya je zango na biyu bai ji komai ba, ya dawo yana cewa fim ɗin an cika masa baki ne kawai.

Yaren da ya dame ka ƙirƙirarsa aka yi, masanin harshe Nick Farmer ne ya tsara shi daga harsuna daban-daban. Ka kunna rubutun ƙasan allo, bayan kashi uku kunnenka zai saba.

Ba zan ɓoye maka ba, kashi na biyu da na uku suna da jan ƙafa, kuma hoton yana da duhu a wasu wurare. Ka daure zuwa kashi na huɗu, inda aka kai wa jirgin yaƙin Mas, Donnager, hari. In ka gama shi ba ka ji kana son na biyar ba, ka ajiye fim ɗin gaba ɗaya, ba dole. Kashi na goma kuwa shi ya ci kyautar Hugo, wadda ake bai wa ƙagaggun labaran kimiyya, a 2017.

Kada tsoron yankewar labari ya hana ka. Syfy ta soke shi a 2018 bayan zango uku, Amazon ta karɓa ta kai shi zango na shida, aka rufe a Janairu 2022 da kashi 62. Sai dai akwai jini, da ashar, da wurin da bai dace da yara ba tun a kashi na ɗaya, don haka ka bari sai sun kwanta kafin ka kunna.